Karen da Merle Ya Kyautar

Lavonne Sizemore na maƙale da waya tsakanin kunne da kafaɗa, tana naɗe wa wani kwastoma kwalin harsashi, muryar nan ta na'ura ta sake maimaita mata karatun da take yi mata tun makonni: ofishin lasisi a rufe yake, majalisa ba ta amince da kasafin kuɗi ba, a sake kira idan gwamnati ta dawo aiki. Ta yi tsaki ta kife wayar.

"Sun ɗauka?" in ji mijinta Hoyt daga kujerarsa kusa da murhu. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana sai ya jawo ta da ƙyar, shi ya sa yake tattalinta.

"Ƙawata ce ta ɗauka. Tana gaishe ka."

Lasisin shagon bindigoginsu zai ƙare ƙarshen wata. Ta aika takardun sabuntawa tun da wuri, suna can jibge a teburin wani bawan Allah da aka ce ya zauna a gida, dilolin da ke kawo mata kaya kuwa sun fara tambayarta ina sabon. Ta gaji da bayani, ta gaji da tsayuwa, ta gaji da 'yan majalisar da ke fitowa a talabijin kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, su kuwa ko kwabo ba a taɓa musu ba.

Ofishi ɗaya ne bai rufe ba, wato na binciken masu sayen bindiga. Ma'aikatansa an ce aikinsu ba ya tsayuwa, dole su fito, albashi sai ranar da aka sasanta. Don haka kwamfutar da ke kan kantar Lavonne na nan da ranta. Ta shigar da sunan mai saye, amsa ta dawo da ɗaya daga cikin uku: a ba shi, a dakata, ko a hana.

Ranar kuwa Asabar ce, jibi Litinin za a buɗe farautar barewa, kuma a wannan lungu na West Virginia ko makarantu hutu suke yi duk makon. Tun safe shagon ya cika da maza cikin rigunan mafarauta ruwan lemo, ana warin man bindiga da jiƙaƙƙen takalmi. Bana ba don nishaɗi ake shirin ba. Rabin garin Alder Fork aikin gwamnatin tarayya yake yi, gidan yari ne, gandun daji ne, albashi ya tsaya, kowa kuma so yake ya cika firiza da nama kafin sanyi ya kankama.

Wajen hantsi Dewey Skidmore ya turo ƙofa. Tsohon ma'aikacin haƙar kwal ne, bakinsa ba ya hutawa, kuma bai taɓa shigowa shagon ya wuce tulun kofi ba.

"Lavonne, kofin nan naki har yanzu da tsohon takalmin Hoyt kike dafa shi?"

"Kyauta kake sha kana ƙorafi. Ranar da ka sayi wani abu a shagon nan zan canja takalmin."

"Yau dai zan saya. Ba ni harsashi kwali ɗaya, irin wanda ke samun barewa da kansa, idona ya fara yaudarata."

Ta juya za ta ɗauko, sai idonta ya faɗa ta taga kan a-kori-kurar Dewey. Wani jan kare mai dogayen kunnuwa na zaune a kujerar gaba, ya ɗora haɓa a bakin gilashi.

"Wancan ba Biskit ba ne, karen Merle?"

"Nawa ne yanzu," in ji Dewey yana hura kofi. "Jiya da yamma ya kawo min shi, da kwanonsa da bargonsa da maganin kunnensa. Har yadda ake ɗiga maganin sai da ya tsaya ya nuna min."

"Ya ce me ya sa?"

"Wai ba ya samun lokacinsa. Ni dai na karɓa, wa zai ƙi kare irin wannan? Sai dai ɗan banzan ko loma bai ci ba tun jiya. Naman alade na soya masa, ya kalle ni kamar na zage shi."

Lavonne ta miƙa masa kwalin. Labarin karen bai kwanta mata ba, amma ga layi har bakin ƙofa, wannan na son igiyar rataya bindiga a kafaɗa, wancan na son a duba masa madubin bindiga. Ta ci gaba da aiki da abin a ranta.

Merle Cutlip ɗan ƙawarta Opal ne, marigayiya. A gabanta ya yi rarrafe, a shagon nan Hoyt ya koya masa kwance bindiga da haɗawa. Yanzu ya haura arba'in, yana aiki a ofishin binciken nan da bai rufe ba, tafiya mai nisa a mota kullum. Matarsa Darla ta rasu da bazara bayan doguwar jinya, ba su haihu ba. Ita ce ta tsinto Biskit yana ɗan kwikwiyo a bakin titi. Bayan rasuwarta Merle ya kwaso bindigoginsa duka ya kawo wa Lavonne ta sayar, ya ce shi da daji sun yi sallama. Karen ne kawai ya rage masa mai numfashi a gidan.

Bayan tsakar rana ƙafa ta ɗauke, mutane sun tafi neman abinci. Lavonne ta zauna kenan ta zare takalmi ɗaya tana murza diddige, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Merle ne. Ya yi aski, ya sa riga mai guga, ba ruwan lemo ba. Har murmushi yake yi, abin da ba ta gani a fuskarsa ba tun jana'izar Darla. Murmushin ya fi komai tayar mata da hankali.

"Anti Lavonne, sannu da aiki. Kawu Hoyt, yaya jiki?"

Hoyt ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ɗan nan, ka ɓuya," in ji ta. "Ko a coci ba a ganinka. Ka ci abinci kuwa? Akwai sauran miyar wake a baya."

"Na ƙoshi, Anti. Sauri nake." Ya matso gaban akwatin gilashi, ya ɗora yatsa kan ƙaramar bindigar da ta fi kusa da shi. "Wannan za ki ba ni."

Ta fito da ita ta ajiye a kan kanta. Bai taɓa ta ba.

Shekara talatin da wani abu Lavonne na bayan kantar nan, ba ta taɓa ganin ɗan garin nan ya sayi bindiga haka ba. Sai ya ɗaga ta, ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya kushe ta, ya ba da labarin ta kakansa da ta fi ta, sannan a shiga ciniki har kofi ya huce. Merle bai tambayi kuɗinta ba, bai nemi kube ba. Kuma wa ke neman ƙaramar bindiga ana jibi farautar barewa?

"Ba ka ce kun yi sallama da harbi ba?"

"Gidan ya yi shiru da yawa. Don tsaro ne."

"Mai kare kamar Biskit ai ba ya rasa tsaro."

Ya jawo takardar da kowane mai saye ke cikawa. Bai karanta tambayoyin ba, ya haddace su. Nan da nan ya sa hannu ya turo mata tare da lasisin tuƙinsa.

Ta mayar da takalminta, ta juya ga kwamfutar. Allon ita kaɗai yake fuskanta. Ta shigar da sunansa da ranar haihuwarsa, ranar da ita ce ta riƙe hannun Opal a asibiti, tana addu'a a zuci Allah Ya sa na'urar ta maƙale yau, kamar yadda komai na gwamnati ya maƙale. Kafin ta ɗauke yatsa amsa ta dawo. A ba shi.

Ta daɗe tana kallon allon.

"An ce a dakata," ta ce. "Rufewar gwamnatin nan ce, ka san komai ya tsaya cak."

Merle ya yi wata 'yar dariya marar sauti, ya sunkuyar da kai.

"Anti, daga can nake. Aikin safe na yi yau."

"To, ni dai abin da na gani ke nan."

"Ba abin da ya tsaya. Mu kaɗai ne ba mu tsaya ba a duk ƙasar nan. Kuma suna irin nawa ko teburin mutum ba ya kaiwa, na'ura ke wucewa da shi. Ko tarar gudu da mota ba a taɓa ci na ba."

"Wataƙila akwai wani Merle Cutlip da ya yi fashi a Texas."

"Babu. Na taɓa dubawa." Ya dube ta, murmushin ya tafi, gajiyar da ke ƙarƙashinsa ta fito fili. "To, mu ce an dakatar. Kin san dokar. Kwana uku na aiki, in amsa ba ta zo ba, kina da damar ba ni."

"Dama ta ba ni, ba ta tilasta ni ba. Shagona ne."

Ta ɗauke bindigar ta mayar cikin akwatin, ta murza mabuɗi ta jefa shi aljihun rigarta. Tsoro take ji, tsoron ta faɗi abin da ke bakinta, da tsoron ta yi shiru ya fita.

"Merle, zan tambaye ka, kuma kada ka yi min ƙarya, ni na wanke maka kashi. Kashe kanka kake shirin yi?"

Itace ya fashe a cikin murhu. Merle ya dafa kanta da hannu biyu yana kallon gilashin.

"Na gaji ne, Anti," ya ce a hankali. "Wallahi na gaji."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Farkon rufewar nan wani suna ya faɗo teburina. Akwai tsohuwar ƙara a kansa, amma ba a rubuta yadda ta ƙare ba. Waɗanda za su tono min takardun duk an tura su gida. Na kira, na kira, muryar nan ta na'ura ke amsa min."

"Ƙawata," in ji Lavonne, ba da wasa ba.

"Kwana ukun suka cika. Wani shago a wata jiha ya miƙa masa bindigar, bai karya doka ba. Bayan mako na ga sunan a labarai, shi da na matarsa da ya harbe." Ya dubi akwatin gilashin. "Ba wanda ya ga laifina. Ogana ya dafa min kafaɗa ya ce mun yi iya yinmu, ya turo min wasu sunayen. Tun daga ranar duk sunan da na ce a ba shi sai na kwana da shi. Da Darla ce nake gaya wa irin wannan, ta zage ni ta ce in ci abinci. Yanzu sai in gaya wa kare."

"Shi ma ka kyautar."

"Dewey zai kula da shi."

"Ko loma bai ci ba tun jiya."

Nan fuskarsa ta motsa, ya kawar da kai.

"Zauna, ɗan nan."

Hoyt ne. Ya tura wata kujera da sandarsa, ta yi ƙara a kan daɓe. Merle ya juya, amma bai matsa ba.

"Ni ma... ta yi min," in ji Hoyt, yana jawo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Sanyin farko... bayan ciwon nan. Ta kulle bindigogin gida duka. Shekara guda... mabuɗin na wuyanta." Ya huta, ya goge gefen bakinsa. "Ba zagin da ban yi mata ba. Ga ni... ina shan mugun kofinta."

Lavonne ba ta taɓa jin ya ambaci wannan shekarar ba, ko su biyu. Ta ji hawaye na neman zubo mata, ta mayar da su, don ba lokacinsu ba ne.

Merle ya je ya zauna. Ya sa fuska cikin tafukansa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Hoyt ya ɗora masa hannu a gwiwa ya bar shi a nan. Ita kuwa ta ɗauki wayar da ta kife ɗazu ta kira Dewey.

"Ka dawo min da karen nan yanzu."

"Haba Lavonne, kyauta fa aka ba ni. Har suna na fara tunanin canja masa."

"Dewey, ka kawo shi. Kuma in ka zo ka kama bakinka, yau kaɗai."

"Ga ni nan," ya ce.

Ta zuba kofi ta kai wa Merle, ta tsaya a kansa har ya kurɓa. Sannan ta shimfiɗa masa tafin hannu.

"Mabuɗin motarka."

"Anti, akwai shaguna nawa tsakanin nan da gida? Ba ke kaɗai ke sayarwa ba."

"Na sani. Shi ya sa ba kai za ka tuƙa ba. Asibitin gari za mu, ba na tarayya ba ne, a buɗe yake. Ka gaya wa likita abin da ka gaya min. Daga can gidana za ka kwana, ɗakin baya na nan, har bikin Godiya na ranar Alhamis da bayansa. Dama talotalon da na saya ya fi ƙarfinmu ni da tsohon nan."

"In aka ji a ofis na je ganin likitan ƙwaƙwalwa, aikina fa?"

"Wane aikin? Wanda ba a biya?"

Dariya ta kuɓuce masa cikin hawayen, gajeriya. Ya laluba aljihu ya sa mata mabuɗin a hannu. Ba ta yaudari kanta ba. Ta san mabuɗi ɗaya ba ya warkar da mutum, ta yi shekara tana kwana da ido ɗaya a buɗe saboda Hoyt, kuma ga shi za ta sake a shekarun da ƙafafunta ke kumbura tun kafin la'asar. Ta ji gajiyar tun yanzu, har cikin ƙashi.

Merle ya miƙe ya nufi kanta.

"Bari in gani."

Ta yi kamar za ta hana, sai ta juya masa allon. Amsar na nan yadda ta zo, ƙarƙashin sunansa. Ya tsaya yana karantawa da idon mai aikin, kamar sunan wani ne.

"Na'urar ko ƙiftawa ba ta yi ba," ya ce. "Duk gwamnatin nan, ofishin da ya amsa min ke nan." Ya share fuska da hannun riga. "Da a teburina ya faɗo, kuma na ga abin da kika gani, da ni ma na dakatar."

"To ka ga. Aikinku na taya ku, ni ma ba a biya ni ba."

Ta rubuta a jikin takardarsa cewa ba a yi cinikin ba, ta adana ta inda ake adana irinta. A waje aka ji tsayuwar mota. Dewey bai gama buɗe ƙofa ba Biskit ya tsallake shi ya diro, ya shigo shagon da gudu kunnuwa na kaɗawa, ya kusa kayar da Merle. Merle ya durƙusa ya rungume shi, karen na kuka yana lasar wuyansa. Dewey ya tsaya a bakin ƙofa rungume da bargo da kwano, ya dubi Lavonne, ya dubi akwatin gilashin, ya cire hularsa.

"Ka zauna da Hoyt har in dawo," ta ce masa. "Kofi na nan, ƙofar baya kuma a buɗe take."

"Ai kofin nan ba shi da laifi," in ji Dewey.

Ta kashe kwamfutar, ta ɗauki jakarta da rigar sanyi. Wannan yammacin shi ne cinikin shekara, shi ke ɗaukar shagon har bazara, ta kuma san da haka sarai lokacin da ta juya allon da ke rataye a ƙofa ya nuna an rufe. Merle ya shiga gaban motarta, karen ya haye cinyarsa ya zauna kamar dama can wurinsa ne.

Tana murza mabuɗin ƙofar shagon wata a-kori-kura ta tsaya, maza uku cikin ruwan lemo suka sauko. Babbansu ya dubi allon, ya dubi agogonsa.

"Lavonne, ana jibi farauta? Ke ma kin rufe?"

Ta gwada ƙofar ta tabbatar ta kullu, ta jefa mabuɗin cikin jaka tare da na Merle.

"Ni ma na rufe," ta ce. "A sake kira."